Targaɗe Ne, Ba Karaya Ba

Ni na fara gane abin, kafin kowa. Tun ina kwance a gangaren bayan coci, awakina suna kallona, na cire takalmi na duba idon sawuna na ce, wannan targaɗe ne. Karaya ai na san ta. Ramin ma'adinai ya rufta da ni ina saurayi, alfadari ya karya mini haƙarƙari, duk na tashi. Ƙashi in ya karye, ƙararsa har cikin haƙori kake jin ta. Wannan kuwa dutse ne ya mirgina, ƙafa ta gurɗe, shi ke nan.

Na ɗingisa gida. Maƙwabciyata Stoyka ta gasa albasa, ta daka da gishiri, ta zuba giyar inabi mai zafi, muka ɗaure da tsumman ulu, na kara ƙafar a jikin murhu wuni guda. Haka iyayenmu suke yi. Washegari ƙafa ta zama kabewa, ta yi shuɗi har yatsu.

Stoyka, da bakinta ba ya rufuwa, ta buga wa 'yata Rumyana waya. Kafin rana ta take sai ga ta daga birnin Plovdiv, da akwatin da za ta zuba kayana. Ta daɗe tana neman dalilin kulle gidan nan ta kai ni can saman bene, in zauna ina kallon motoci ta taga.

"Baba, dubi ƙafarka! Ta karye. Yau ƙafata ƙafarka."

"Wace ƙafar? Karyayyar?"

"Ba wasa nake ba."

"To, kira Nevena ta asibitin ƙauye. In ta ce karaya ce, ni da kaina zan miƙa miki makulli. In targaɗe ne, ki bar ni da awakina."

Nevena ta zo, ta kwance tsumman, ta toshe hanci.

"Baba Trifon, ƙafa ce wannan ko miya?"

Ta danna ƙashin idon sawu ta baya, ciki da waje. Ban ji komai ba. Ta danna gefen tafin ƙafa, shiru. Da ta sa yatsa a wurin nan mai taushi a ƙarƙashin ƙashin, sai da na kira sunan uwata da ta daɗe a ƙasa.

"Jijiya ce, da alama," in ji ta. "Amma tashi ka taka zuwa ƙofa. In ka kasa, sai birni, a ɗauki hoto."

Stoyka ta miƙo mini sanda, na ture. Na sauke ƙafar na ɗora mata nauyina. Gumi ya karyo mini, ɗakin ya fara juyawa, Rumyana ta miƙo hannu. Na ce, "Kauce, yarinya." Na taka, na sake takawa, har na dafa ƙofar gidana.

"Targaɗe ne," in ji Nevena. "Zafin murhun nan ne ya ƙara hura kumburin. Sanyi ake sa wa sabon targaɗe, Baba."

"Albasar Stoyka ce ba ta da kyau," na ce.

"Tsohon banza! Gobe ka gasa taka," in ji Stoyka.

Nevena ta naɗe ƙafar da bandeji, ta ɗora ta a kan matashi sama da ƙirjina, ta ce a riƙa sa tsumma mai ruwan sanyi, in rage yawo, in kumburi ya faɗa in fara jujjuya ta a hankali. In bai faɗa ba, hoto dole. Rumyana ta yi kukanta, ta dafa mini wake, ta zauna har ta ga kumburin ya sauka, sannan ta koma ita kaɗai.

Yanzu a shagon shayi wasu na cewa sa'a ce kawai, wai tsoho ya ƙare. To, ina nan gidana. Duk mai ja, ya ɗaura takalminsa ya zo mu hau dutsen nan tare, mu ga wanda zai fara neman wurin zama.