Gidan da Aka Rubuta Ba Kowa

Ni tun daga takalminsu na san ba alheri ya kawo su ba. Mutum ya hau bene hawa huɗu da takalmi mai ƙyalli har rufin da nake shanya, ai ba gaisuwa ya zo yi ba. Su biyu ne, mace da kamara rataye a wuya, da namiji rungume da fayil kamar za a ƙwace masa. Ina cikin matse zanin gado suka yi sallama.

Wanki da guga nake yi a rufin gidan nan, shekara goma sha tara ke nan. Tsohon gida ne a tsakiyar gari, ɗaki ashirin da shida, famfo ɗaya a kowane hawa, shaguna uku a ƙasa. Ni da Inna muna hawa na ƙarshe. Idonta ya tafi tun tuni, amma ƙafarta ta haddace matakalar gidan, ba ta taɓa neman a riƙe mata hannu ba.

Mai Kamara ta ce daga ofishin tsara birni suke. Wai ana gwada tsakiyar garinmu da na maƙwabtanmu biyu, garin bakin kogi da garin tudu, a ga wa ya fi dogayen gine-gine, wa ya fi jama'a, wa ya yi kuskure a ina. Wai daga rufina aka fi ganin dogayen benayen garinmu. Na ce bismillah, sama ba tawa ba ce. Ta ɗauki hotunanta. Sai kuma na ga ta juyo ta saita igiyoyin shanyata, ƙyas! Na ce baiwar Allah, rigunan mutane kuma me suka yi miki? Ta yi dariya ta ce ai su ma gari ne. Dariyar ce ba ta yi mini ba. Na tsaya a kanta sai da ta goge hoton a gabana.

Shi kuma Mai Fayil ya tambaye ni mutum nawa ke kwana a gidan. Na ce ni riguna nake ƙirgawa, ba mutane ba. Ya ce ba komai, za su dawo ranar Talata su bi ƙofa ƙofa.

Da yamma Yaya ya zo gaida Inna. Direban bas ne, garuruwan nan uku yake zagayawa, kuma ba shi da hira sai ta benaye, kai ka ce shi ya ɗora musu tubali. Garin kogi dogaye goma sha bakwai, duk gilashi. Garin tudu tara. Namu uku, ɗayan ma ba a ƙarasa ba, wai in ka hango garinmu daga hanya kamar bakin tsohuwa mai haƙori uku. Inna ta ce ya yi a hankali da bakinsa, tana jin sa.

Da na ba shi labarin baƙin, sai ya ajiye kofinsa. Ya ce manyan garinmu kunya suke ji, duk taron da suka je ana yi musu dariya, kuma dogon bene ba ya tsirowa a iska, sai an ture wani abu. A garin kogi, inda benayen nan suke yanzu, irin gidajenmu ne a da. Masu kamara suka fara zuwa, sai masu ƙirga, sai takarda cewa mutane sun yi yawa a gida, cunkoso ne, haɗari ne, sai katafila. Na tambaye shi ko da idonsa ya gani. Ya ce wani fasinja ne ya faɗa masa, amma fasinjan dattijo ne. Wannan ya ishe ni, don dama zuciyata ta riga ta yanke hukunci.

Washegari na tara mutanen gidan a kan matakala. Na ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu saba'in da huɗu ne a ɗaki ashirin da shida, in suka rubuta haka mun gama yawo. Tela, mai shagon ƙasa, ya ce me zai hana mu je ofishin mu tambaya tukuna. Na ce masa kaza ba ta zuwa tambayar mahauci abin da wuƙa za ta yi. Aka yi dariya, kuma wallahi na ji daɗin yadda na kashe masa baki.

Shawarata ta farko ita ce a bar ɗaki shida a buɗe, mutum bibbiyu, su ga gida mai sarari. To amma wa zai zauna? Kowa ya ce ba da shi ba, ba za a rubuta sunansa a fayil ba. Mai shayin da ke gidanmu ya ce shi yana da ciwon baya, kamar da baya ake amsa tambaya. Muka yi ta ja-in-ja har rana ta yi, a ƙarshe na ce to a kulle duka, hutawarmu. Masu aiki su tafi aiki, yara a kai su gidan dangi, a sa kwaɗo a kowace ƙofa, ni kuma in kwance igiyoyina.

Inna ce kaɗai ta ƙi. Ta ce ba ta yi sata ba, ba za ta gudu daga ɗakinta ba. Dole na zauna da ita, Tela ya sa mana kwaɗo ta waje.

Ƙarfe goma na safiyar Talata suka zo. Ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba, har ɗigar famfon hawa na biyu ina ji. Suna ƙwanƙwasawa suna hawowa, ƙofa bayan ƙofa, har suka iso tamu. Mai Kamara ta yi sallama. Na ga Inna ta buɗe baki za ta amsa, na kai hannu na rufe mata. Mai Kamara ta sake sallama. Inna ta kama wuyan hannuna, ba ta ture ba, ta dai riƙe. Mai Kamara ta yi sallama ta uku, ta ɗan jira.

"Na faɗa miki," in ji Mai Fayil, "matar nan rufin kawai take amfani da shi. Gidan ba kowa."

Ita ta ce amma matakalar a share take, kuma tana jin ƙanshin girki. Ya ce shi ba a ba shi gurbin rubuta ƙanshi ba. Na ji takunsu yana sauka, na yi murmushi ni kaɗai, na ce a raina mun yi musu wayo.

Sati guda ana yi mini sannu da ƙoƙari. Har Tela ya ce ya yarda, kaina yana ja.

Bayan wata biyu aka manna takarda a ƙofar gida, da jan fenti a bango. Tela ya karanta mana: kwana casa'in, a kwashe duk abin da ya rage a ciki. Abin da ya rage, wai! Na ɗauki mayafina na nufi ofishin, raina a ɓace, ina shirya zagin da zan yi tun daga hanya.

A bangon ofishin an jera manyan hotuna uku, garin kogi, garin tudu, da namu mai haƙori uku, wanda aka ɗauka daga rufina. Mai Kamara ta gane ni nan take. Ta bar ni na gama faɗana tas, sannan ta shimfiɗa taswira a tebur. Gidaje wasu kore, wasu ja. Ta ce abin da suka gano a garin kogi shi ne an kori jama'a an gina benaye, yanzu da an tashi aiki tsakiyar garin sai ta zama kufai, shaguna suna mutuwa. Shi ya sa aka yanke cewa a namu duk gidan da mutane ke ciki a bar shi, a gyara masa famfo da waya. Wanda ba kowa, shi za a rushe a yi dogon bene.

Na nemi gidanmu, ja. Na duba na maƙwabtanmu, wanda ya fi namu tsufa da ƙazanta, waɗanda suka fito suka yi wa masu ƙirga ihu har aka ƙirga su casa'in da ɗaya. Kore ne shar.

"Mu saba'in da huɗu ne," na ce.

Ta ce ta rubuta a gefe cewa tana zargin da mutane, amma doka ƙofa take ƙirgawa, kuma hoton da zai tsaya mata shaida ni na sa ta goge. Majalisa ta riga ta sa hannu, an ba da filin. Za ta taya ni rubuta koke, amma ba za ta yi mini ƙarya ba, da wuya. Na ƙura mata ido ina neman inda ƙaryar take ɓoye. Har yau ban yarda da mutanen ofishin nan ba, ƙila ko mun buɗe da sun samo wani dalilin. Amma a fuskar matar nan ban ga komai ba sai tausayi, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

Da na dawo, mutanen gidan suna zaune a matakala suna jirana. Na faɗa musu yadda aka yi, ban rage komai ba. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Matsawa kawai suka yi suka ba ni hanya, na hau hawa huɗun nan ina jin kunya kamar in nutse.

Inna tana zaune a bakin gado, ta riga ta ji komai ta taga. Na durƙusa a gabanta na ce Inna ki yafe mini, tsoro ne, gidan nake so in tsare mana. Ta lalubo kaina ta dafa.

"Na yafe miki, 'yar nan," ta ce. "Sai dai inda za ki kai ni, ki nemo mai ɗaki a ƙasa. Na tsufa da koyon sabuwar matakala."