Lambar da Ba Ta Bushe Ba

Shekara ashirin da shida Mai Buroshi ya yi yana aiki ɗaya a jami'ar: duk abin da aka sayo da kuɗin gwamnati, shi ke rubuta masa lamba da farin fenti. Tebur, fanka, kabad, har ƙwarangwal ɗin da ɗaliban likita ke karatu da shi, wanda ya sa wa lamba a ƙeya. Wani lokaci yakan tsaya yana kallon tantabarun da ke kan rufin sito, yana tunanin inda ya kamata a sa musu tasu.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki shi da Dogo. Daga baya Dogo ya auri ƙanwar matarsa, daga baya kuma ya zama shugaban sashen kaya, da ofis mai labule da ƙararrawar kiran masinja. Shi kuwa yana nan da gwangwaninsa. In Dogo ya yi dariya a baranda, sai ya ji kamar da shi ake.

Wata safiya Dogo ya aika a kira shi.

"Yaya, rufe ƙofa. Masu binciken kuɗi za su zo daga ma'aikata. A takarda mun sayi kujeru masu juyawa sittin."

"A ƙasa fa?"

"Sha biyar."

"Sauran sun juya sun tafi ke nan?"

"Bar wasa, Yaya. Ba ni kaɗai ba ne, da na sama a ciki. Gini huɗu za su duba, kullum ɗaya. Kowace safiya mu kai kujerun ginin da za su shiga, ka rufe lambar jiya da baƙi, ka sa sabuwa. Ga fenti mai saurin bushewa. In an rabu lafiya, za a tuna da kai."

Mai Buroshi ya karɓa. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya san in asiri ya tonu, rubutun hannunsa ne a bayan kujerun, fanshonsa na iya salwanta. Rana ta farko da ta biyu suka wuce sumul. Abu ɗaya ya lura da shi: babban mai binciken, wani gajeren dattijo mai raunin ido, ba ya yarda da lamba sai ya bi ta da yatsa.

Da yamma ya koma gida ya tarar da matar Dogo ta zo wurin yayarta, tana ta karkaɗa makullin mota.

"Yaya, ba ka ji ba? Da an gama binciken nan za a tura maigidana kwas ƙasar waje. Wata uku! Jirgi fa zai hau."

"Allah ya sanya alheri," in ji shi.

Bayan ta tafi matarsa ta dube shi. "Malam, kai me aka ce za a ba ka?"

"An ce za a tuna da ni."

"To, Allah ya ba su kaifin ƙwaƙwalwa."

Washegari ya tsaya gaban kanta a sito. Ga sabon gwangwani, ga kuma tsohon fentin mai, wanda kan kwana biyu bai bushe ba. Ya tuna fansho. Sai kuma ya hango Dogo a tagar jirgi, yana leƙo rufin sito daga can sama, yana neman ɗan ɗigon da ke riƙe da buroshi. Hannunsa ya sauka kan tsohon gwangwanin.

Da hantsi dattijon ya sunkuya bayan kujera ta uku, ya bi lamba talatin da uku da yatsa. Ya ɗago yatsan fari fat, ya kai shi hanci.

"Wannan lambar yau aka haife ta?"

Ya ciro makulli ya kankare a hankali. Ƙarƙashin talatin da uku ga sha takwas, ƙarƙashin sha takwas ga uku.

"Ikon Allah," in ji shi. "Jiya ma na gaisa da kujerar nan."

Dogo ya juyo, gumi na bin wuyansa. "Yaya?"

"Gwangwanayen ne suka rikice mini, ranka ya daɗe."

Bayan mako guda aka dakatar da su biyun, ba albashi, har sai kwamiti ya zauna. Na sama kuwa ko tari ba su yi ba. Maganar jirgi ta mutu, kuma Mai Buroshi ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da ya daɗe bai ji irinsa ba, duk da bai san abin da zai gaya wa matarsa ba.

A bakin ofishin magatakarda suka karɓi takardunsu. Ya saci kallon ta Dogo. Shafi biyu ce, cikin ambulan mai tambarin jami'a, magatakarda da kansa ya sa hannu. Tasa layi huɗu, an ninke ta kawai, wani mataimaki ya sa hannu a madadin wani.

Ya juya ta gaba da baya, sa'annan ya leƙa ta tagar akawu.

"Malam, ni ba a ba ni ambulan ba."