Shaida Ta Huɗu

Akawun kotun ta turo takardar ta ƙarƙashin gilashi, ta ɗora farce a kan layi na ƙarshe.

"Wannan mutumin ba ɗan gundumarmu ba ne, Misis Wojcik."

"Wa, Walt? Shekara ashirin muna coci ɗaya," in ji Darlene. "A garin nan yake shan mai, a nan yake aski."

"Amma a can yake jefa ƙuri'a. Gidansa yana hayin gada, iyaka kuma ta tsakiyar rafin ta bi. Shaidu huɗu ake so, duk mazauna gundumar nan, ban da dangi. Uku gare ki." Ta dubi agogon bango. "Ƙarfe biyu alƙali zai zauna. In kin kawo na huɗu ya sa hannu a gabana kafin nan, to. In ba haka ba, sai zaman watan Yuni."

Darlene ta janye takardarta. Ran sha tara ga Maris za a sako Curtis Bascom daga kurkuku, yau saura sati uku.

Ita nas ce mai bin marasa lafiya gida-gida, a ƙauyukan da waya ba ta kamawa. Bara ta gano Curtis yana kwashe maganin ciwon uwarsa yana sayarwa, tsohuwar na kwance tana nishi. Ta kai rahoto. Kafin a ɗaure shi ya tare ta a bakin mota, ya faɗa mata a nitse cewa ya san gidanta, ya san hanyoyin da take bi ita kaɗai. Tana da ƙaramar bindiga da marigayi mijinta ya bari, tana da lasisi, amma an buga masa hatimi: farauta da filin koyon harbi kawai. Wato bindigar ta zauna a gida cikin akwati, ita kuma ta shiga daji da jakar auna jini. Wannan hatimin ta zo roƙon alƙali ya cire.

Ta zauna a mota ta shiga kiran mutane. Fasto yana asibiti an yi masa aiki. Abokiyar aikinta wata takwas kacal da saninta, kotu ba za ta karɓi shaidarta ba. Mai garejin da ke gyara mata mota ya yi dariyar jin kunya, ya ce an taɓa kama shi yana tuƙi a buge, sunansa sai dai ya ɓata mata takarda. Ƙarfe goma sha biyu ta gota. Sunan da ya rage guda ɗaya ne, kuma da mutum zai tara mutanen gundumar kakaf ya ce a zaɓi wadda ba za ta taɓa sa hannu ba, ita za a nuna.

Hester Ostrander maƙwabciyarta ce ta tsallaken titi, tsohuwar malamar makaranta, shekara saba'in da tara. Ta tsani bindiga kamar yadda wasu suka tsani maciji. Tun ranar da mijin Darlene ya jera gwangwanaye a bayan gida yana harbi, Hester ta kira masa 'yan sanda, gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa. An yi shekara goma sha biyar a haka.

Darlene ta same ta tana feraye tuffa a kicin. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗi abin da ya kawo ta, kunya kamar ta nitse.

"Lallai duniya ta yi miki zafi, tunda har ni kika tuna," in ji Hester. "Miƙo in gani."

Ta goge hannu, ta saka tabarau, ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa kamar mai duba jarrabawa, agogo kuwa yana ta tafiya.

"Tana shan giya fiye da kima? A'a. Kin taɓa ganin ta daki wani? A'a. Tana da saurin fushi?" Ta leƙo ta saman tabarau. "Nan fa sai na rubuta gaskiya."

"Rubuta, Misis Ostrander."

"A baki kawai. Haka zan sa." Ta juya takardar. "Ban ga inda aka tambaye ni ko ina son bindiga ba."

"Ba a tambaya ba."

"Sun taimaki kansu. Ɗauko min kwat ɗina a bayan ƙofa, ki kashe min murhu."

Ƙarfe biyu saura minti goma sha biyu suka iso. Hester ta ɗaga hannu ta rantse a gaban akawu, ta sa hannu da rubutunta na malamai, mai kyau kamar bugun inji.

Alƙali Brundage mutum ne da bai cika cire hatimin nan ba, kowa ya sani. Ya saurari Darlene, ya duba rahoton 'yan sanda da takardar shaidar horon da ta yi. Da ya zo kan sunan ƙarshe sai ya tsaya, ya ɗago kai ya nemo tsohuwar a benci na baya.

"Misis Ostrander, ke ce kuwa? Wasiƙa goma sha ɗaya kika rubuto min kina cewa in daina ba mutane lasisin nan."

"Goma sha uku, ranka ya daɗe. Biyu ba ka ba ni amsa ba."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Alƙalin ya ce, "To, kin sake ra'ayi ne?"

"Ko kusa. Ta goma sha huɗu tana kan teburina." Ta dafa sandarta ta miƙe. "Amma kafin a kama mutumin nan, sau uku na ga motarsa a ƙofar gidanta, yana zaune a ciki yana kallon taga. Na kira 'yan sanda, sai da suka yi minti hamsin. Ba laifinsu ba ne, mota biyu gare su. An tambaye ni halin matar nan, na faɗa. Sauran aikinka ne."

Darlene ta juyo ta dube ta. Sau ɗaya ta san Curtis ya zo gidanta. Ba ta taɓa sanin wanda ya kira 'yan sanda ran nan ba.

Alƙalin ya daɗe yana juya biro. Sannan ya ce ya cire ƙa'idar, ta karɓi sabon kati wajen akawu, ya kira ƙara ta gaba.

A mota Darlene ta sa makulli amma ta kasa tayarwa. Godiya ta cika mata ciki, hawaye suka zubo, ita da ba ta yi kuka ba ko a jana'izar mijinta.

"Misis Ostrander, ban san da bakin da zan…"

"To kar ki fara, ba na son jiƙe-jiƙe." Hester tana lalube a jakarta. Ta fito da fensir da tsohon ambulan, ta ɗora mata a cinya. "Rubuta min lambar wayarki, manya-manya yadda zan gani. Tagar kicin ɗina tana kallon ƙofarki, ni kuma ba inda nake zuwa. Ranar da na ga motarsa, ke zan fara kira, ki yi zamanki inda kike kar ki dawo. Kin samu katinki, na ji. Amma in dai ina numfashi, abin nan ba zai fito daga jakarki ba."

Darlene ta share ido da bayan hannu. Ta rubuta lambar manya-manya, ta ƙara ta ofis a ƙasa.