Tsibirin Yashi

"Baba, ɗaga ƙafa, ga saiwa nan."

Tsohon bai tsaya ɗagawa ba, tsallake ta ya yi kamar ɗan akuya, ya waiwayo yana dariya. Bira ya gyara igiyar kular da ta ci masa kafaɗa, ya bi bayansa. Tun da motar haya ta sauke su a inda kwalta ta ƙare, suka kama wannan siririyar hanya da ta ratsa kurmin kwakwa, mahaifinsa Florisvaldo ne ke gaba. Mutumin da a gida, can birnin Salvador, ba ya gane ƙofar banɗaki sai an riƙe masa hannu, yau shi ne ke nuna hanya da haɓa.

"In mun wuce waccan bishiyar yazawa za ka ji ƙugin ruwa," in ji shi.

Suna wucewa kuwa Bira ya ji.

Da ma abin da yake son gani ke nan. Yayarsa Zuleide, wadda tsohon ke zaune a gidanta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta samo masa gurbi a wani gidan kula da tsofaffi na 'yan coci, ta ce ranar Litinin za a kai shi. Bira ya ce ba da shi ba.

"Ubanmu ne fa, Yaya. Mu kai shi hannun baƙi kamar tsohon kayan ɗaki?"

"Kai ranar Lahadi kake zuwa da ƙosai a leda, ku yi dariya ka tafi," ta ce masa. "Ni ce mai wanke shi. Ni na dawo na tarar ya kunna gas ya fita titi ba riga. Ka ɗauke shi yini ɗaya, Bira, yini ɗaya tak, sannan ka zo ka yi mini wa'azi."

Shi ne ya nemi hutu a kamfanin da yake tuƙa musu bas, ya ce zai kai Baba bakin ruwan da aka haife shi. A ganinsa zaman ɗaki ne ke cinye tsohon, ba komai ba.

Hanyar ta buɗe a kan farin yashi mai kashe ido. Babu rumfa, babu mai talla, babu ko sawun mutum. Bukkokin masuntan da Baba ke yawan ba da labarinsu sun daɗe da rushewa, ciyawa ta cinye wurin. Ruwa ya ja baya sosai, ya bar yashi jiƙaƙƙe yana ƙyalli, can ta hagu kuma ga inda kogi ke zubowa cikin teku.

Suka zauna a inuwar kwakwa. Bira ya buɗe kula ya fito da soyayyen kifi da garin rogo da barkono. Baba ya ci da hannunsa, bai zubar ba, har yana tsotse ƙaya. Ya nuna inda bukkarsu take a da, ya nuna inda yayansa Deraldo ya taɓa nutsa shi a ruwa don ya ɓatar da ƙugiya.

"Mugu ne Deraldo," ya ce, yana murmushi. "Amma in ya yi magana, ko kare sai ya zauna." Ya duba gefe da gefe. "Nair ba ta zo ba?"

"Mama tana gida, Baba."

"To. Ba ta son rana."

Bira ya ɗauke shi hoto yana dariya, kifi a hannu, ya yi ƙoƙarin tura wa Zuleide. Babu sabis ko ɗigo. Ya cusa wayar cikin jaka, ya miƙe ƙafa. Sati guda ya yi yana haɗa aikin safe da na dare kafin a ba shi wannan hutu, ga iska tana kaɗawa, ga Baba zaune lafiya yana tara 'yan ƙwanso a gabansa. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa.

Sanyin ruwa a dugadugansa ne ya tashe shi.

Ya yi zumbur. Inuwa ta kauce, teku ta dawo har tana lasar bakin zanen da suka shimfiɗa. Ga tarin ƙwanso, ga silifa ɗaya, babu Baba.

"Baba!"

Iska ta kwashe muryar. Ya ruga bakin kurmi, ya leƙa hanyar da suka biyo, ya dawo. Ya sa ido a kan ruwa yana neman wani abu baƙi da ke yawo, zuciyarsa na roƙon kada ya gani. Sai can sama, inda yashi yake a bushe, ya hango sawu, ƙafa ɗaya da silifa, ɗaya ba komai, sun nufi bakin kogi.

Ya bi su da gudu, yashi na riƙe masa ƙafa. Rabonsa da gudu tun yana saurayi, ga tumbin da zaman kujerar direba ya ajiye masa. Kafin ya kai, ƙirjinsa kamar an zuba barkono.

A tsakiyar bakin kogin akwai wani tudun yashi da ke fitowa in ruwa ya janye. Ɗazu ana iya takawa a je, ruwa bai wuce idon sawu ba. Yanzu tudun ya zama tsibiri, bai fi faɗin tsakar gida ba, kuma yana raguwa. A kansa Baba yake durƙushe, ya tuɓe riga ya ƙulle ta kamar jaka, yana tonon yashi da hannu.

"Baba! Ka tsaya nan! Kada ka motsa!"

Ko waiwayowa bai yi ba.

Bira ya dubi ruwan da ke tsakaninsu. Ya canza launi, ya yi duhu, yana tura ganye da itace zuwa cikin kogi da sauri. Shi ɗan birni ne, yana da shekara biyar aka bar nan da shi, iyonsa bai wuce na ɗan fantsama a inda ƙafa ke taɓa ƙasa ba. Ya waiga. Yashi ne kawai da kwakwa har iyakar ganinsa. Kurmin nan kuwa, kafin ya ratsa shi ya samo mutum ya dawo, tsibirin ya tafi.

Ya yi alamar gicciye, ya shiga.

Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Yashin ƙasa yana zamewa daga ƙarƙashin tafin ƙafarsa kamar ana janye tabarma. A tsakiya ya kai masa ƙirji, ya ji ana tura shi gefe da ƙarfi, ya dinga tafiya a karkace, hannuwa a sama. Da ƙasa ta fara tasowa sai ya ƙarasa da rarrafe.

"Baba, tashi mu tafi. Ruwa ya cika."

Tsohon ya ɗago. Idanun da suka yi dariya ɗazu ba su ba ne. Ya jawo ƙullin rigarsa ya rungume, kaguwa biyu na motsi a ciki.

"Wane ne kai?"

"Ni ne Bira, ɗanka."

"Ɗana yaro ne ƙarami. Ka je ka tona naka, ɓarawo!"

Bira ya kama hannunsa. Bai san akwai sauran ƙarfi haka a jikin nan ba. Baba ya fizge, ya kai masa naushi a baki, ya ja da baya har dugadugansa suka shiga ruwa ta ɗaya gefen, wajen da ya fi zurfi, inda kogi da teku ke karo suna kumfa.

"Ka matso in faɗa ruwa! Wallahi ka matso in faɗa!"

Bira ya tsaya cak, ya ɗaga hannuwa. Ya ji gishirin jini a harshensa. Wata igiyar ruwa ta haye tsibirin gaba ɗaya, ta wanke ƙafafunsu ta koma. In ya yi tsalle ya cafke shi za su yi kokawa, kuma a cikin ruwan za su yi ta. In ya tsaya lallashi, ba su da lokacin. Ya tuna Zuleide, ita kaɗai a gida da wannan fuskar, da wannan naushin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ba ta kuma taɓa nuna masa tabo ba.

Sai ya sauke hannuwa, ya riƙe ƙugu, ya ƙanƙance ido. Bai taɓa ganin Deraldo ba sai a hoto, an binne shi kafin a haifi Bira. Amma ya sha jin Baba yana kwaikwayon muryarsa.

"Kai, Flori!" ya daka tsawa, da sunan da ake kiran Baba yana yaro. "Kai, wawa! Me kake yi a nan har yanzu?"

Tsohon ya ƙifta ido.

"Inna tana ta kira tun ɗazu, kai kana nan kana wasa da kaguwa. Sai na nutsa ka za ka ji?"

"Yaya..." Muryar ta yi ƙasa, ta zama ta yaro. "Na kama biyu, Yaya. Manya."

"Na gani. Zo nan. Hau bayana, kada in sake faɗa."

Ya juya ya durƙusa, bai yarda ya waiwaya ba. Ba ya jin komai sai ruwa. Da tsohon zai faɗa ta can, ba zai ma sani ba. Ya cije leɓen da ya fashe, ya jira. Can sai ya ji hannuwa masu sanyi, sirara kamar kara, sun zagayo wuyansa.

Baba ba shi da nauyi, abin ma ya ba shi tsoro. Amma ruwan ya ƙaru. Inda ɗazu ya tsaya a ƙirji yanzu ya kai haɓa, Bira yana tafiya a kan yatsun ƙafa, yana ɗaga baki sama. Ƙullin kaguwa na bugun kuncinsa.

"Yar da su, Flori."

"Na Inna ne."

"Na ce ka yar!"

Bai gama rufe baki ba ƙasa ta ɓace. Suka nutse tare. Tsohon ya shaƙe masa wuya da dukkan ƙarfinsa, Bira ya sha ruwa, ya ga duhu-duhu da kumfa. Ya saki ƙafafun Baba ya riƙe damtsensa da hannu ɗaya, ya dinga harbi ba tare da ya san inda ya dosa ba. Ruwa ya tafi da su cikin kogi. Ya fito ya ja numfashi rabi, ya sake komawa. A fitowa ta gaba wani abu ya doki haƙarƙarinsa, kututturen kwakwa ne da ya faɗo daga gaɓa, kansa a cikin ruwa. Ya rungume shi. Ya jawo Baba ya ɗora ƙirjinsa a kai, ya bi kututturen kaɗan-kaɗan, fatar hannunsa na saluɓewa, har gwiwarsa ta taɓa laka.

Suka zube a gaɓa. Baba ya yi ta tari yana amayar da ruwa, Bira na bubbuga bayansa, shi ma yana tari. Da numfashi ya daidaita, tsohon ya buɗe hannunsa ya duba. Babu riga, babu kaguwa. Ya fashe da kuka.

Bira ya tuɓe tasa rigar, ya matse, ya sa masa. Da ya waiga wajen tsibirin, babu komai sai ruwa shimfiɗe.

Komawa ta kurmin ta ɗauke su lokaci. Ruwa ya tafi da zanen da silifar, kular da jakar ne kawai suka tsira don suna can sama. Bira ya ba Baba nasa takalman, ya taka ƙasa. Yanzu ba wanda ke nuna hanya, riƙe yake da hannun tsohon yana faɗa masa inda zai sa ƙafa.

Sun sami motar yamma. Ba su yi nisa a kan kwalta ba wayar ta fara ruri a cikin jaka. Zuleide ce.

"Bira! Tun rana nake kira. Kuna ina? Ya ci abinci? Ka ba shi maganinsa?"

Maganin yana cikin aljihun jakar, bai taɓa shi ba.

"Muna hanya, Yaya. Lafiya lau yake."

"Me ya sami muryarka?"

"Ba komai." Ya dubi tafin hannunsa da ya saluɓe. "Yaya, ranar Litinin ɗin nan, kada ki nemi mota. Ni zan kai shi. Ina so in ga ɗakin, in ga masu kula da shi."

Ya ji tana jan hanci.

"Sai kun iso," ta ce, ta kashe.

Baba yana jingine da taga, rigar Bira ta yi masa yawa, gishiri ya bushe a gashin girarsa. Ya daɗe yana kallon gonakin rogo suna wucewa, sannan ya juyo ya dafa gwiwar Bira, cikin ladabi irin na wanda ya haɗu da mutumin kirki a mota.

"Bawan Allah, na gode fa. Ka kai ni garinmu."

"Ba komai, Baba."

"Ina da ɗa kamar kai. Direban bas ne a birni, babbar mota. Ya daɗe yana cewa zai kawo ni, amma bai samu sarari ba."

Bira ya dafa hannun tsohon.

"In na gan shi zan faɗa masa."

"A'a, kada ka faɗa masa," in ji tsohon, ya mayar da kansa jikin taga ya lumshe ido. "Zai ji ba daɗi. Yaron kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa."