Akwatin da Milka Ta Zauna a Kai

"Na ce ki tashi, Maman Tamar."

"Ni kuma na ce ƙafata na ciwo. Ka kwaso ni daga gida cikin ranan nan, yanzu zama ma sai na nemi izini?"

"Ga benci can."

"Bencin na da ƙusa."

Zamani ya dubi bencin. Babu ƙusa. Ya dubi matarsa Milka, wadda ta baje zani a kan wani abu mai kusurwa huɗu a lungun shago, ta harɗe hannuwa kamar mai jiran motar Kwoi ta cika. Daga ƙarƙashin zaninta wata baƙar wayar wuta ta leƙo, ta miƙe a ƙasa kamar jelar ɓera.

Marcel, mai shagon kayan wutar, ya juya musu baya yana goge wata fanka da ba ta da ƙura.

Risiba suka zo saye, wato akwatin nan da ake cusa duk wayoyin falo a bayansa, shi ya tura hoto zuwa talabijin, ya tura sauti zuwa sifikoki. Wata uku da suka wuce 'yarsu Tamar, mai aikin jinya a Kaduna, ta aiko musu da sabuwar talabijin mai faɗin ƙofa. Rami biyu kacal gare ta a baya, kuma na sabuwar waya mai faɗin baki. Dikoda ta kama ɗaya. Injin faifan waƙoƙin zumuntar mata ya kama ɗaya. Sifikoki suka rasa wurin shiga. Tsohuwar bidiyon Zamani mai cin kaset, mai wayoyi uku, ja da fara da rawaya, ta koma marainiya a ƙarƙashin tebur.

Wata ukun nan Milka ta yi ƙiba.

Kaset ɗaya Zamani ke sakawa a bidiyon. Na ranar da ya zo na ɗaya a noman citta ne, a nunin amfanin gona da aka yi a Kwoi shekara ashirin da takwas da suka wuce. Awa ɗaya da rabi. Duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidan ya kalle shi, har mai kawo takardar wuta. Zamani kan zauna a gefe yana faɗin jawabinsa tare da na cikin kaset, kalma da kalma.

Ba jawabin ne ya dami Milka ba. Can wajen tsakiyar kaset, daidai lokacin da Zamani ya ɗaga wata citta mai girman tafin hannu, wani jan babur yana shigowa ta bayan taro. Saurayi ne ke tuƙi, sunansa Kaleb. A bayansa wata yarinya ta zagaye cikinsa da hannu biyu, ta ɗora haɓa a kafaɗarsa tana dariya har ana ganin dasashi. Yarinyar nan Milka ce. Saura wata huɗu aurenta da Zamani a lokacin, kuma da safiyar ranar ta aika masa cewa zazzaɓi ya kwantar da ita. Shi ma Kaleb an riga an kai gaisuwarsa gidan wata Yemima.

A tsohuwar ƙaramar talabijin, ita da Kaleb ba su fi ƙwayar wake ba. Zamani kuwa bai taɓa kallon kowa a kaset ɗin ba sai kansa. Haka aka zauna lafiya.

To, ranar Asabar mai zuwa iyayen saurayin Tamar za su zo daga Godogodo gaisuwa. Uban saurayin Kaleb ne. Uwarsa Yemima, mace mai ido kamar allura da baki kamar reza. Zamani ya rantse surukai ba za su bar gidansa ba sai sun san irin zuriyar da ɗansu zai shiga. Kaset ɗin yana kulle cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gona, makullin kuma a wuyan Zamani.

Shi ya sa jiya Milka ta riga shi zuwa shagon, da kula cike da kunun acca. Ta ce wa Marcel kaset ɗin na sa mata ciwon kai, don Allah in maigida ya zo a ce masa an daina yin risiba mai tsofaffin ramuka. Marcel haifaffen Kafanchan ne, ubansa tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma sau biyu aka taɓa tsare shi ya kalli kaset ɗin. Bai ma bari ta gama magana ba.

"Madam, ko ba kunu zan yi wannan aiki. Aikin Ubangiji ne."

Guda ɗaya yake da irinta, tsohuwar Beljiyam, 'yar gwanjo. Ya ce zai tafi da ita gida da yamma. Ya sha kunu ya manta. Yau sai hango su ya yi suna sauka daga keke, ya tura ta lungu da ƙafa, ya ƙifta wa Milka ido. Ita kuwa ta zauna.

Da farko abin ya tafi daidai. Marcel ya jera sababbin risiba uku a kan kanta.

"Baba, ka ga wannan? Rami huɗu. Dikoda ya shiga, faifai ya shiga, saura biyu suna jiran jikoki. Wayar hannu kuwa, ko igiya ba ya so, ta iska yake kamawa. Sifika biyar. In zumuntar mata suka fara waƙa, za ka juya ka nemi Fasto a bayan kujera."

Zamani ya zaro wayoyinsa uku daga aljihun kwat. Ya zagaya bayan akwatin, ya sunkuya, ya daɗe.

"Ina ramin ja?"

"Baba, duniya ta wuce ja."

"Duniya ta wuce. Ni ban wuce ba."

Ya gwada ta biyu. Ya gwada ta uku. Ya bi duk abin da ke da baya a shagon, har da firij. Yana shirin mayar da wayoyin aljihu ke nan idonsa ya sauka a kan jelar nan da ta leƙo daga ƙarƙashin zanin matarsa.

Daga nan gardamar ta tashi, kuma ta kai rabin awa.

"Me kike zaune a kai?"

"Kwali."

"Kwali mai waya?"

"Kwalin Marcel ne, ka tambaye shi."

"Marcel?"

"Baba, abeg, ni fanka nake gogewa."

Mutane sun fara taruwa: wata mata da ta zo sayen ƙwan lantarki, da wasu maza biyu da inuwa kawai suka shigo sha. Gefen ƙarfen akwatin yana cin cinyar Milka, amma ta ƙudurta ko za a kwana ba ta tashi. Ta san mijinta. Ba ya ja, ba ya ɗaga murya a waje. Dattijon ikkilisiya ne, mutuncinsa ya fi masa komai. Zai gaji.

Abin da ta manta, manomin citta ba ya gajiya da jira. Zamani ya ɗaga kai ya dubi rufi. Sai ya cire hula.

"'Yan'uwa, na ga Shaiɗan yana so ya shiga cinikin nan. Mu miƙe tsaye gaba ɗaya, mu roƙi hikimar zaɓe."

Matar ƙwan lantarki ta gyara ɗankwali ta sunkuyar da kai. Masu shan inuwa suka miƙe. Marcel ya ajiye tsumma. Kowa na tsaye, sai Milka, mataimakiyar shugabar zumuntar mata, wadda ke tsawata wa 'yammata in suka jingina da bango lokacin addu'a. Matar nan ta buɗe ido ɗaya ta dube ta.

Milka ta miƙe. Ta rufe ido don ba yadda za ta yi.

Addu'ar ba ta yi tsawo ba, ta dai lura muryar na matsowa kusa da ƙafafunta wajen ƙarshe. Da aka ce amin ta buɗe ido. Zamani na rungume da akwatin kamar jariri, ja da fara da rawaya duk sun shige ramukansu.

"Ubangiji ya amsa," in ji shi.

"Wannan ya tsufa, Baba," Marcel ya ce da muryar mai neman ceto. "Nauyi gare shi. Yana zafi."

"Yana karɓar sabuwar waya?"

"Yana karɓa. Guda uku."

"Yana kai hoton kaset zuwa sabuwar talabijin?"

Marcel ya dubi Milka. An gama addu'a yanzu-yanzu, ƙarya ba za ta fito ba. "Yana kaiwa."

"Ɗaure."

Marcel na ɗaurewa ya raɗa wa Milka, "Madam, rawayar ce ke ɗauke da hoto. Ban ce komai ba."

Ranar Juma'a Zamani ya wuni yana ja da wayoyi a falo. Sau biyu Milka ta zo ta tsaya a kansa da niyyar ta faɗa masa gaskiya ta huta. Na farko ta ce, "Baban Tamar, ka tuna ranar nunin nan," ya ce ya tuna mana, ya fara jawabin daga farko. Na biyu ko juyowa bai yi ba, ya miƙo mata waya ya ce ta riƙe masa. Rawayar ce. Ta riƙe. Da ya fita neman ƙusa ta ɗauko reza ta yi mata ƙaramin aiki a gindi, ta mayar da robar ta rufe.

Ta yi addu'a kuma a ɗauke wuta. Da safen Asabar ta ga janareta a bakin ƙofa, Zamani ya aro daga wurin maƙwabci.

Baƙi suka iso kafin azahar. Kaleb ya yi tumbi, kansa ya yi sanƙo, ya gaishe ta da "Maman Tamar" yana kallon tabarmar ƙofa. Yemima ta shigo tana ƙare wa labule da kujeru kallo. Tamar da saurayinta aka kora su baranda. Aka yi addu'a, aka faɗi abin da ya kawo baƙi, aka ci tuwon acca da miyar karkashi. Sai Zamani ya ciro makulli daga wuyansa.

Sauti ya fito ta kowane lungu, har Yemima ta zabura. Gangunan Kwoi, hayaniyar taro, muryar mai gabatarwa. Talabijin kuwa shuɗi fetal.

Zamani ya danna nan, ya danna can. Ya hura bakin waya. Shuɗi.

"Ba komai," in ji Milka, tana zuba zoɓo. "Ai jawabin ne muhimmi. A saurara da kunne, kamar rediyo."

"Bari in gani, suruki."

Kaleb ne. Shekara talatin yana gyaran babura a Godogodo, ba ya iya ganin abu ya ƙi aiki ya zauna. Milka ta zuba masa ido, ta girgiza kai a hankali, ta sake girgizawa. Ya ɗauka kunyar baƙo take ji masa.

"Haba, Maman Tamar, ai an zama ɗaya."

Ya durƙusa da ƙyar a bayan akwatin. Ya murza rawayar, ya ce ta mutu daga ciki, ɓera ne ko tsufa. Ya ce duk wayoyin nan uku uwarsu ɗaya, launi ne kawai ya raba su. Ya zare farar ya sa ta a ramin rawayar, nan da can.

Hoto ya cika bango.

Aka tafa masa. Ya koma kusa da matarsa yana share zufa, fuskarsa cike da jin daɗi.

Milka ta zauna a hannun kujera da jug ɗin zoɓo a cinya. Ga Zamani saurayi, siriri, cikin kwat ɗin aro. Ga buhunan citta. Abubuwan da ba ta taɓa gani ba a kaset ɗin duk suka fito: rubutun jikin rumfa, ƙudan da ke kan tebur, kwanan wata a kusurwa. Ta ji ƙarar babur ɗin tun kafin ya shigo, daga sifikar da ke bayan kanta.

Zamani na cikin kaset ya ɗaga cittarsa sama. Zamani na falo ya miƙa hannu ya danna maɓallin tsayarwa.

"A nan nake so ku duba da kyau," ya ce. "Ku ga girman citta."

Shekara ashirin da takwas bai taɓa tsayar da kaset ɗin ba. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa a hankali. Ba talabijin yake kallo ba. Milka yake kallo ta saman kofi.

Hoton ya tsaya yana ɗan rawa. Citta a gaba. A bayanta jan babur, da fuskoki biyu, kowace ta kai faranti.

Yemima ta buɗe jaka ta ciro tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta saka. Ta miƙe ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Kaleb, ai wannan jan babur ɗinka ne."

Kaleb ya dubi hannunsa da ya gyara waya.

"To wace ce wannan da ta ƙanƙame ka haka?"