Bulalar Firidom

...ita kuwa gwiwar nan ba ruwanta da biki, ciwonta kawai take yi. Shekara hamsin da takwas, ga Abeke durƙushe kan tabarma a tsakiyar rumfa, tsakanin 'yan mata biyu, Simisola da Bukola, da ta kusa yin jika da su. Su ukun anko ɗaya, nata kuwa ita ta yanka, ita ta ɗinka. Mai musu ya zo ya juya bakin rigar ya duba.

Firidom. Yau ita ke yin firidom. Kalmar Turanci ɗaya ke nan da ta shigo gidansu ba sallama ta shimfiɗa tabarma. Malamin makarantar da ke zaune a gidanta ya ce ma'anarta 'yanci, irin wanda ƙasa ta karɓa daga hannun Turawa. Shi ya sani. A nan garin Ede na ƙasar Yarbawa dai, in an ce wance za ta yi firidom, kowa ya san koyon sana'a ya ƙare: a kafa rumfa, a tuƙa amala, a ba da takarda, uwar ɗaki ta tsula wa yarinyarta bulalar ƙarshe a tafin hannu, daga nan ba mai sake aikenta. Bakanike haka, mai kitso haka. Ko ita ƙasar an yi mata tata bulalar, oho.

Bulalar... ga ta can kan tebur, kusa da zuma da gishiri da rake. Wa zai ɗaga ta? Omolara. Mai shago, mai keken ɗinki shida — 'yar da ta goya, ta yaye, ta zane ba sau ɗaya ba kan satar nama a tukunya.

"Mama, wasa kike?" Haka ta ce ranar farko, da Abeke ta zo mata da maganar koyon ɗinki. Wasa? Shekara talatin tana sayar da tattasai a kasuwa, ido na kan kekunan teloli, rai na so, bakin yara na jiran tuwo. Da suka girma wa zai hana ta? Ta share shago kamar kowa. Ta ɗauki kwano ta sayo wa 'yar cikinta abinci. Ta kira ta Madam a gaban mutane, da fari harshen na nauyi, daga baya ya saba. Hannun rigar nan da ta haɗa a juye... sau huɗu tana farkewa, Omolara ta duba ta ce, "Sake." Ba "Mama, ki sake" ba. Sake kawai. Ranar ta koma gida baki har kunne kamar wadda aka ba kujerar Makka.

Sai jiya yarinyar ta zo tana murza gefen zane. "Mama, ki yafe min, bulalar nan ba zan iya ba. Hannun da ya daki uwa ina zan kai shi?"

Ji wata magana. A doki Simisola, a doki Bukola, a zo kanta a tsallake — me za a ce? Ga matan ƙungiyar teloli can a jere, ɗaurin kai na neman taɓa rumfa, shugabarsu Alhaja Mulikatu a gaba, ita da bakinta ba ya ajiya. Cewa za su yi an dai lallaɓa tsohuwa, takardar ta alfarma ce. To wa zai miƙo mata leshin biki ta sa almakashi? Shekara uku su tafi a wasan yara?

Zuma a harshe. Rayuwa ta yi zaƙi, amin. Gishiri, amin. Rake... da waɗanne haƙoran? A lasa dai. Da baban Omolara na raye da ya faɗo daga benci don dariya, shi da ke cewa ko maɓalli ba ta iya ɗaurawa ba. Ta iya, ba ta ga dama ba ne. Allah ya jiƙan mutumin nan.

Tas. Simisola ke nan. Tas — Bukola ta daka tsalle tun bulalar na sama, rumfa ta kece da dariya, masu kalangu sun ɗauka. Ƙafafun Omolara sun tsaya a gabanta. Takalman nan masu tsini, sai da ta ce kar ta saya. Bulalar na sama, ta ƙi saukowa.

Tana miƙa tafin hannu. Ba za ta ɗaga kai ba, in suka haɗa ido an gama.

"Madam," ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji, "aikina ne bai yi ba?"

Abeke ta ƙara tura tafin gaba.

"In bai yi ba, faɗa min in koma shara."

"Ya yi, Mama."

"To doka. Kika ba ni kunya gaban Mulikatu, ni zan karɓi bulalar, kin kuwa san hannuna."

Wani sauti daga sama, dariya ce ko kuka...

Tas.

Kai, da zafi. Ashe 'yar banzar nan tana da hannu. Guɗa ta ko'ina, kalangu kamar zai fashe, ana danƙa mata almakashi da tef, ana ɗaga takarda sama kowa ya gani. "Firidom, Iya Omolara, firidom." Mulikatu da kanta ta miƙe tana karkaɗa ƙugu, tana cewa ɗinkin auren ɗanta ya samu mai yi. Daɗi har maƙogwaro. Omolara ta zube ƙasa ta riƙe mata ƙafa, gwaggwaro ya karkace, kwalli ya zubo. Tashi, tashi, an yafe, aikinki kika yi.

Sabon shago na jira, sabon keke na cikin leda. Litinin da ƙarfe bakwai za ta... za ta ina? Dokar ƙungiya ce, wadda aka yaye ba ta buɗe shago kusa da uwar ɗakinta. Nata yana can ƙetaren kogi. Shekara uku, safe zuwa yamma, fuskar yarinyar nan na gabanta — kafin nan kuwa daga sallah sai sallah, a tsaitsaye...

Ana jan hannunta ta tashi ta taka, tafin na raɗaɗi, gwiwa ta ƙi miƙewa. Ita kuwa tana ta laluben wane irin ɗinki za ta ce ya gagare ta ranar Litinin, wanda dole sai Madam ta duba...