Mai Shayi a Gidan Ahmed

Mijina Badaru ba a yi masa kaciya ba. Na faɗa tun farko don kada wani ya tsaya zare ido. Iya, uwarsa, ita ta hana, domin yayyensa maza a hannun wanzami suka tafi ɗaya bayan ɗaya, jini ya ƙi tsayawa har rai ya fita. Da aka zo yi wa sa'anninsa sai ta gudu da shi wurin danginta a Kirikasamma, ta dawo ta ce an yi a can. Kafin ta rasu ta riƙe hannuna ta ce, "Zulai, ko tsaga kada ki bari a yi masa."

Daminar bana kullum yana cikin ruwa har ƙugu a gonar shinkafarmu ta fadama, ya dawo ya zauna da jiƙaƙƙen wando har magariba. Sai gabansa ya fara ƙaiƙayi, fatar kan ta yi ja ta kumbura, fitsari ya zame masa azaba. Na ce mu je asibiti. Ya ce wa zai kwance wa wando a Haɗeja, garin da kowa ya san kakan kowa? Mutum da furfura a gemu, sai ya koma dirzar wurin da ruwan kanwa da sabulun wanki kamar mai wanke tukunya. Abin ya ƙara ci, har ya soma mugunya. Ni ke wanke wandunan, na san abin da nake gani, kuma haushinsa ya ishe ni.

Wata safiya ya yi wanka ya zura jallabiya.

"Ahmed ya kira mai shayi gidansa, can zan yini," in ji shi.

Ni sakarya har murna na yi, wai yau zai fita cikin mutane. Na ce, "A sha lafiya, Baban Sadiya, a dai rage sukari."

Hantsi bai gama dubawa ba sai ga 'Yar'azumi, matar maƙwabcinmu Ahmed, ta shigo aron rariya.

"Wai ni Zulai, ɗan wa za a yi wa shayi da daminar nan? Na ga Sarkin Aska ya shiga zaurenmu da zabirarsa, amma ban ga yaro ko ɗaya ba."

Nan na gane wane shayi ake nufi. Bai yi min ƙarya ba, ya dai zaɓi kalmar da zai wuce ni da ita, kuma wannan ya fi ƙaryar ƙona min rai. Na fizgi hijabi na fita ko takalmi babu.

Ban yi sallama ba. Na tarar an haƙa ɗan rami a ƙasan zauren, mijina na zaune a bakinsa ɗaure da zani, Ahmed ya riƙe masa kafaɗu, wanzami na wasa aska.

"Sarkin Aska, mai da askar nan!"

"Ke Zulaihat, lafiyarki? Zauren maza ne fa," in ji Ahmed.

"Malam Ahmed, kai ka ba shi shawarar nan? Ya gaya maka yadda yayyensa suka mutu? Jininsu ba ya tsayawa! A kan askar nan Iya ta binne 'ya'yanta, shi ya sa ba a taɓa yi masa ba!"

Da ƙarfi na faɗa, ban iya rage murya ba. Kafin na rufe baki ƙofar zauren ta cika, har masu tura kurar ruwa sun tsaya. Wanzami ya naɗe askarsa.

"Malam Badaru, ce min ka yi ciwon yarinta ya sa aka ɗaga. Ashe kisan kai ka kira ni in yi?"

Mijina bai kalle shi ba, ni ya kalla. "Kin tona min asiri, Zulai."

"Na tona."

A ranar Ahmed ya kai shi asibiti a babur. Likita ya ba shi man shafawa da ƙwayoyi, ya ce ya riƙa wankewa da ruwa zalla yana busarwa, maganar yanka kuwa sai an auna jininsa a babban asibiti. Abin da ya kusa ba da ransa a kai ke nan. Kafin shinkafa ta yi kai ya warke sarai.

Yanzu ba ya zama a majalisa, masallaci ma na wata unguwa yake zuwa. In na kai masa tuwo sai ya juya min baya ya ci. Jiya Sadiya ta tambaye ni yaushe zan ba Babanta haƙuri. Na ce ta je ta leƙa ɗakinsa ta gaya min ko yana numfashi. Ta dawo ta ce yana yi.

Na ce, "To, ba zan ba shi ba."